Hasumiyar Agogo Ta Tsage

Talata, 29 ga Yuli, bayan la'asar

Na iso gida. Daga Gidan Rumji zuwa nan mota uku na shiga, ta ƙarshen sai da muka sauka muka tura ta a wani kwari bayan Agie. An rufe lakol, makarantar da nake koyarwa, yara sun tafi sun bar ni da kunnuwana, kuma na ɗaura niyyar in yi hutun daminar nan a kwance. Niyyar ba ta wuce bakin kasuwa ba.

Mai kabu-kabu ya ratsa da ni ta gindin hasumiya, na ɗaga kai in duba lokaci yadda kowane ɗan garin nan ke yi tun yana goye, sai na ga tsagar. Ta taso daga ƙarƙashin fuskar agogo ta gabas, ta gangaro a karkace har kusa da ƙofa. Bara babu ita. Na ce ya tsaya in gani, ya ce, "Ai ta kwana biyu, Malama. Kowa ya saba."

Na tarar da Baba a zaure. Na gaishe shi, na tambayi jiki, na tambayi gona, sannan na ce, "Baba, hasumiya ta tsage."

Ya ce, "Yaɓe ne ya yi baki. Lahiyarta lau."

Ya haura saba'in, gwiwarsa ta hagu sai an lallashe ta take miƙewa, kuma har yau shi ke hawa can sama duk Juma'a ya ba agogo abinci. Haka muke cewa a gidanmu. Duwatsu biyu ne rataye da sarƙa a cikin hasumiyar, saukarsu a hankali ita ke tafiyar da agogo. Ran Juma'a sai a sa mabuɗi a murɗa su koma sama. In ba a yi ba, washegari ya tsaya.

Gwaggo Zainaba, ƙanwarsa da ke riƙe da gidan tun rasuwar Inna, ta miƙo mini fura ba ta dube ni ba. Ta ce, "Gara da kika zo."

Laraba, 30 ga Yuli, da hantsi

Ruwa tun asuba. Gero ya yi kyau, kowa na godiya, ni kaɗai ce ke harar hadari.

Alhamis, 31 ga Yuli, da yamma

Na sa Baba ya ba ni tarihin, ko da yake na haddace shi kamar Fatiha. So nake in ji ta inda zan shigo masa.

Zamanin cinikin gyaɗa ne. Masu saye sukan buɗe sikeli sa'ad da suka ga dama su rufe sa'ad da suka ga dama, manomi ya taso daga ƙauye da jakinsa a ce masa lokaci ya wuce, kuma ba shi da abin da zai yi musu da shi. Sai fataken garin suka haɗa hannu suka ce a yi agogon da kowa zai gani. Aka yi gindin da dutse, aka ɗora tubali a sama. Agogon ya zo daga kudu a bayan babbar mota, cikin akwati, an cusa masa ciyawa. Wanda ya zo kafa shi gajere ne, ya nemi mai tsawo ya riƙe masa wani ƙarfe, aka tura masa kakana Dogo, ɗan dako a bakin sikeli. Bai sake ɗaukar buhu ba. Baba yakan ce tsawo ne ya ba gidanmu sarauta.

Duk bayan girbi gari yakan yi gayya a sake yaɓen hasumiyar, mata su kawo kunu, makaɗa su zo. Gyaɗa ta ja baya, masu sikeli suka kwashe nasu ya nasu, agogo ya zauna. A shekarar yunwa da rabin gari ya tsallaka iyaka, Baba ya ce ƙararrawar ta ci gaba da bugawa ga kofofin da ba kowa a cikinsu, kuma waɗanda suka dawo ita suka fara ji tun daga daji. In ya kai nan muryarsa takan canza. Yau ma ta canza.

Na ce, "To yaushe aka daina gayyar?"

Ya ce tun da aka lulluɓe ta da siminti, aka ce an huta da yaɓe har abada.

Na ce, "Baba, ka bar hawa har a duba ta."

Ya yi dariya. "Malama, mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Ke koyar da ɗiyan mutane, ni in koyar da agogo."

Ban sami ƙofar shiga ba.

Juma'a, 1 ga Agusta, kafin masallaci

Ya hau. Na bi shi har bakin ƙofa na tsaya. Cikin yana warin rijiya. Matakalar katako ce, tana zagaya bango, kuma ina jin kukan kowane taki da ya yi. Da ya fara murɗawa sai sarƙar ta ɗauki gurnani, ƙasa ta dinga zubowa siririya daga sama ta sauka a kan gyalena. Ba ta da yawa. Na dai gani.

Ya sauko yana haki yana murmushi, ya rataya mabuɗin a kafaɗa. Ƙarfe ne mai lanƙwasa, tsawon kamu guda, hannun Dogo da nasa sun cinye mariƙinsa har yana sheƙi. Wurin ajiyarsa ƙusa ce a bayan ƙofar zaure.

Masu shaguna suka ce, "Sannu da aiki, Malam Jaye." Ba wanda ya ce masa kada ya ƙara. Na ji haushinsu duka.

Lahadi, 3 ga Agusta, da azahar

Wani masanin gini ya zo daga Maradi, mutum mai ladabi, ya cire takalmi kafin ya shiga zaure. Ya zagaya hasumiyar, ya ƙwanƙwasa bango ya saurara, ya zura hannu cikin tsagar har wuyan hannu ya fito da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ce tubalin ciki ya sha ruwa, simintin waje ne kaɗai ke rufa masa asiri. Ya ce ba zai iya cewa yau ko baɗi ba, amma kada kowa ya ƙara hawa, kuma kada a ƙara ja mata nauyi sama. Gyara sai bayan damina, in an samu hali.

Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya sa aka kawo masa goro, ya raka shi har mota. Da ya dawo na ce, "Ka ji dai." Ya ce, "Na ji. Yaro ne mai hankali." Ya ɗauki buta.

A kasuwa kowa da nasa. Wasu sun ce simintin ne. Wasu sun ce indararon da masu shaguna suka toshe don yana watsa musu ruwa. Wasu manyan motocin da ke wucewa Gazawa. Wata tsohuwa mai daddawa ta rantse akwai tsohuwar rijiya a ƙarƙashin ginin da aka cike ba a yi sadaka ba. Ni ban damu da wanne ne ba.

Talata, 5 ga Agusta, bayan magariba

Na kira ƙanena Rashidu a salula. Yana can ƙetaren iyaka da kayan shagonsa. Na ce ya zo ya yi wa tsohonsa magana, ko ya ji ta namiji.

Ya ce, "Yaya, kin san Baba. Ki yi haƙuri, a yi ta addu'a."

Na ce addu'a ina yi, shi mota nake so ya shiga. Ya ce hanya ba kyau, in ruwa ya ɗauke zai zo. In ruwa ya ɗauke me zan yi da shi?

Laraba, 6 ga Agusta, da safe

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jibi Juma'a.

Alhamis, 7 ga Agusta, da la'asar

Mabuɗin agogo ya ɓata. Baba ya je ɗaukar hularsa ya ga ƙusa ba komai.

Ya tambaye ni, na ce ban gani ba. Na taya shi dubawa a ƙarƙashin tabarma da bayan randa. Ni ce ma na ce a leƙa rumbu.

Na gaya wa Gwaggo ta bar buhun waken da ke ɗakina, ni zan dinga auno mata in tana so.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan masallaci

Bai hau ba. Ya zauna a zaure tun safe yana kallon ƙusar. Ya aika gidajen maƙwabta, ya je wurin masu sayen tsohon ƙarfe da kansa, ya dawo da taɓo har gwiwa. Bai ci tuwo ba.

Na ci nawa, na ƙara. Rabon da in yi barcin rana mai daɗi haka tun ina Gidan Rumji.

Asabar, 9 ga Agusta, da yamma

Dole in rubuta wannan.

Baba ya fita gona tun da sassafe, ya ce ba zai zauna ya ji tsayawar agogo da kunnensa ba. Da hantsi ƙararrawa ba ta buga ba. Ban san yadda garin nan ya dogara da ita ba sai da ta yi shiru. Har masu daka sun tsaya da taɓare a hannu.

Ba a jima ba Bafulatanar da ke kawo mana nono ta shigo ba sallama. Ta sauke ƙwaryarta, ta zauna a ƙasa, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe ya cika?"

Na ce, "Wa?"

Kafin ta amsa mata biyu sun shigo da mayafi a ka suna salati. A waje na ji ana shimfiɗa tabarmi. Na leƙa, maza sun fara zama layi a jikin bango, wani ya ce samari sun riga sun tafi maƙabarta da shebur, Liman yana hanya.

Gwaggo ta ja ni ɗaki, fuskarta kamar an zuba toka. Ta ce tun da aka kafa agogon sau ɗaya ya taɓa tsayawa, ranar da Dogo ya rasu. Baba ne ya hau ya tsayar da shi da hannunsa, bai sake shi ba sai da aka dawo daga jana'iza. Tun ran nan gari ya san abin da shirun agogo ke nufi, iyaye sun gaya wa 'ya'yansu. Ba a haife ni ba lokacin, kuma a duk tarihin da Baba ke ba ni bai taɓa kaiwa nan ba.

Na ce, "Gwaggo, ki hita ki gaya musu yana gona!"

Ta ce, "Kin gan shi a gonar?"

Ban gan shi ba. Na tsaya a tsakar gida mata suna riƙe mini hannu suna cewa in yi haƙuri, kuma na yarda da su. Na ga shi kwance tsakanin kunyoyin gero ba kowa kusa. Na yi kukan da ban yi irinsa ba tun na Inna.

Sai hayaniyar waje ta yanke. Na fita da gudu ba gyale. Ga Baba tsaye a bakin titi da hauya a kafaɗa, yana duban mutanen da ke zaune a ƙofarsa. Wasu yara suka watse. Wani dattijo ya miƙe ya koma ya zauna.

Baba ya ce, "Wa ya rasu?"

Ya dubi hasumiya, ya dubi tabarmin, ya gane. Ya jingine hauyar, ya zauna a cikinsu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Na gode. Allah Ya bar zumunci." Wallahi da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

Samarin sun riga sun kai ramin ƙugu. Liman ya ce a mayar da ƙasar. Gwaggo ta ce, "Ramin da aka gina da sunan mutum," ba ta ƙarasa ba ta shiga madafa.

Lahadi, 10 ga Agusta, da azahar

Bai fita ba. Ban fita ba.

Litinin, 11 ga Agusta, da yamma

Gari ya mayar da abin wasa. Ya je sallar azahar, abokan wasansa suka tarye shi da "Gawa ta ƙi rami!" Wani ya tambaye shi labarin lahira, wani ya ce ya biya samari ladan gina. Ya yi dariya tare da su, aka ce. Da ya shigo gida na ga dariyar ba ta biyo shi ba.

Ya ce wa Gwaggo, ba ni ba, "An yi mini zaman makoki ina da rai. Ba za a ƙara ba." Ya sa hula ya tafi maƙera wurin Maharazu.

Laraba, 13 ga Agusta, da hantsi

Na je maƙera. Baba Maharazu abokin Baba ne tun suna kiwon awaki. Na tarar ya riga ya lanƙwasa ƙarfen sabon mabuɗin da Baba ya sa shi ƙerawa, yana gyara bakinsa da zarto.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah ka ja aikin ga. Ka ce ƙarhen bai yi ba, ka ce gawayi ya jiƙe. Har ruwa ya ɗauke kawai."

Ya ajiye zarton. Ya ce, "Ɗiyata, kina tsammani ban gaya mishi ba? Na ce, Jaye, ginin ga ya gaji. Ya ce mini shi ma ya gaji, amma bai kwanta ba." Ya juya ƙarfen a hannunsa. "In na hana mishi, Gazawa za shi a ƙera mishi wanda bai zauna daidai ba, ya kuɓuce mishi can sama. Gara nawa."

Da zan tafi ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Tsohon mabuɗin ya hi wanga sauƙin murɗawa. In wanda ya ɗauka yana jin tausayinshi, ya maido." Na ce Allah Ya sa a gani.

Alhamis, 14 ga Agusta, da la'asar

Na dawo daga rijiya na tarar da Gwaggo tana tsince wake a faifai. Ban auno mata ba.

Muka dubi juna. Ta ce waken bana ƙwari sun fara shiga, ya kamata a shanya shi in an sami rana. Na ce to. Ta ci gaba da tsincewa, na ga hannunta ba ya tsintar komai.

Gobe zai hau ko da wane mabuɗi. Ban san amfanin abin da aka yi ba. Tsoro dai ya dawo, ya zo da kunya.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan masallaci

Ya hau da sabon. Mutane suka taru kamar ranar salla, amma daga nesa, a inuwar shaguna. Sun san inda ya kamata su tsaya ke nan.

Ya daɗe fiye da kullum. Duwatsun sun sauka har ƙasa, sai ya jawo su tun daga tushe, kuma sabon ƙarfen yana cije masa. Ina jin sarƙar tana tafiya tana tsayawa. Can sai wani ɓangaren siminti mai faɗin faifai ya ɓalle daga gefen tsagar ya tarwatse a gabana. Abin da ke bayansa baƙi ne, jiƙe sharkaf. Mata suka yi salati. Ni ko motsi ban yi ba.

Ƙararrawa ta buga. Aka yi ta tafi, wani ya yi guɗa. Baba ya fito fari fat da ƙura, tafin hannunsa ya sale, ya ɗaga musu hannu kamar ɗan kokawa.

A hanyar gida na ce, "Ka ga abin da ya faɗo?" Ya ce, "Yaɓe ne."

Lahadi, 17 ga Agusta, da safe

Ruwa.

Litinin, 18 ga Agusta, da yamma

Ruwa. Katangar maƙwabtanmu ta zauna, ta danne musu akuya. Jandarmomi sun kewaye hasumiya da igiya, masu shagunan gindinta sun kwashe kaya. Duk bugun ƙararrawa sai in tsaya da abin da nake yi in jira ko wani abu zai biyo baya.

Talata, 19 ga Agusta, da azahar

Ƙofar hasumiyar ta daina rufuwa. Bakinta ya karkace.

Rashidu ya kira ya ce ya ji labarin makoki, ya yi ta dariya. Na kashe salular.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan la'asar

Yau Baba ya yi abubuwan da ba na so.

Ya sa aka wanke masa farar rigarsa. Ya kai wa Baba Maharazu ragon da yake kiwo tun bara, ya ce ya riƙe masa. Ya bi gidajen layinmu yana gaisuwa, har gidan mutumin da suka yi shekaru ba sa magana saboda iyakar gona. Da ya dawo ya zauna kusa da Gwaggo a tsakar gida, abin da ba ya yi, ya ce, "Zainaba, in na taɓa ɓata miki, ki yahe mini." Ta ce, "Yaya, wace irin magana ce wagga?" Ya ce magana ce kawai.

Ni bai ce mini komai ba. Ya dai tambaya ko akwai sauran hura, ya sha, ya ce ta yi daɗi.

Na roƙa, na kira ɗansa, na je wurin abokinsa, na yi abin da ba zan rubuta ba. Saura abu ɗaya, kuma ina jin tsoronsa ƙwarai.

Juma'a, 22 ga Agusta, da yamma

Na riga shi fita. Na tsallake igiyar jandarma, na shiga ta karkatacciyar ƙofar, na zauna a matakalar farko. Sanyi ne a ciki, ruwa na ɗiga daga wani wuri da ban gani ba. Na ɗaga kai, ga duwatsun biyu suna reto a saitin kaina, ga hasken rana yana shigowa ta tsagar. Na daina ɗaga kai.

Ya iso cikin farar rigar, mabuɗi a kafaɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa sai da idonsa ya saba da duhu.

"Mi kike yi nan?"

Na ce, "Jiranka nike. Ka hau, ga hanya. Ina nan zaune har ka sauko."

"Tashi ki tahi gida."

"Ai ka ce yaɓe ne, Baba. Mi zai same ni?"

Ƙasa ta zubo siririya tsakanina da shi. Na matsa gefe na ba shi wuri. Ya ɗora ƙafa ɗaya a matakala, katakon ya yi ƙara, sai ya sauke ta.

"Hamdiya!" Rabon da ya kira sunana tun ina 'yar lakol. "Ba ki da ido? Ba ki ga ginin ga ba? In na ja duwatsun ga, bisa kanki zai zauna!"

Ya kama wuyan hannuna da salallen tafinsa ya fizge ni waje, bai sake ni ba sai da muka wuce igiya, muka wuce shaguna, muka kai bakin titi. Mutane na kallo.

Na ce, "Ashe ka sani."

Ya ce, "Tun kahin ki zo."

Na ce duk Juma'ar da ya zo zai tarar da ni a wurin, ko da an koma lakol, ko da zan rasa aikin. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya juya ya nufi gida, na bi shi a baya.

Bayan an idar da salla na ji muryar ladan a lasifika daga tsakar gida. Ya ce Malam Jaye mai agogo yana gaida jama'a, yana sanar da su cewa gobe agogo zai tsaya, shi kuwa lafiyarsa lau, kada kowa ya wahalar da kansa. Ya maimaita sau biyu. Gwaggo ta rufe fuska da gefen zane.

Asabar, 23 ga Agusta, da hantsi

Ya tsaya. Ba wanda ya zo.

Litinin, 25 ga Agusta, da yamma

Rana ta fito tun jiya. Hasumiya tana nan tsaye, tsagar ba ta ƙaru ba ko kaɗan, na je na duba. A bakin rijiya na ji wata na cewa da an bar tsoho da aikinsa, ginin da ya ga yunwa ya ga fari ba ruwan bana ne zai kayar da shi ba. Ta gan ni ta canza zance. Wataƙila gaskiyarta ce. Wataƙila ta yi shekara ashirin a haka.

Baba bai je gona ba. Ya ci rabin tuwonsa.

Laraba, 27 ga Agusta, da rana

Yana da rai. Shi na roƙa, shi aka ba ni, kuma na kasa yin murna.

Tun safe yana kwance a zaure, fuskarsa a bango. Ba ya ciwo, na taɓa goshinsa. In an yi sallama ya amsa, in an kawo abinci ya ce a ajiye. Bai yi mini faɗa ba, bai ɗaure mini fuska ba.

Ɗazu na zo wucewa da tsintsiya, ya ce, "Malama."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Ƙarhe nawa?"

Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya tambayi wani mahaluki lokaci ba. Gari guda shi yake tambaya. Na tsaya da tsintsiyar a hannu, sannan na ciro salula na duba na gaya masa.

Ya ce, "Na gode." Bai juyo ba.